Ranar da Na Gyara wa Gawa Kwanciya

Shekarun baya, ina kurtun ɗan sanda, aka turo mu Jos mu koyi aiki a hannun wani tsohon sufeto ɗan asalin Filato. Shi ke koya mana binciken mutuwa, ni kuwa ajinsa na mayar ɗakin gyangyaɗi. A tunanina na lokacin, wanda ya mutu ai ya mutu, abin da ya rage a yi masa wanka a sallace shi. Fareti da saɓa bindiga ne kawai ke burge ni.

Wata safiya, saura kwana uku babbar Sallah, ana wani irin sanyi mai shiga har ƙashi, aka kawo rahoton an tsinci gawar wani tela a shagonsa a Anguwan Rogo. Sufeto yana Kabong kan wani aiki, sai aka ce ni da wani kofur mu je mu tsare wurin kafin ya iso.

Mun tarar da layin ya cika maƙil. Mutane sun riga sun yanke hukunci: abokin aikin mamacin, wanda suke shago ɗaya, shi ya kashe shi. Jiya sun yi cacar baki kan wata shadda da aka ƙona da dutsen guga, kuma kowa ya ji abokin ya ce wa mamacin, "Za ka gani." Yau kuma shi ne ya fara ganin gawar. Ya rantse cewa shagon a kulle yake ta ciki, shi ya ɓalle sakatar, amma babu wanda ya shaida. Har an fasa masa leɓe kafin kofur ya fizge shi ya kulle a shagon maƙwabta, ya tsaya a bakin ƙofa.

Yayan mamacin ya ja ni ciki yana kuka. "Ɗan sanda, duba da idonka. Duba yadda ya yi masa duka." Mamacin mutum ne mai haske, yana kwance a dunƙule kan tabarma, kuma gefen jikinsa duk ya yi ja, tun daga kafaɗa har cinya. Take na yarda duka ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ya ba alƙibla baya. Mahaifiyata ba ta raine ni in ga Musulmi a yashe haka in wuce ba. Na ce wa yayan ya kama mini, muka juya shi ɓarin dama, muka fuskantar da shi gabas, na rufe shi da wani yadi. Akwai kasko cike da toka kusa da kansa yana tare mana wuri, na ɗauka na kai bayan shago. Na zare ƙyallayen da aka cusa a taga don iska ta shigo. Na tsaya ina jin kaina, wai ni na yi aikin lada.

Da sufeto ya iso bai shiga ba. Ya cire hula, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, har na fara tunanin ko tsoron gawa yake yi. Can ya sa safar hannu, ya tsuguna, ya ɗaga yadin.

"Wa ya juya shi?"

Na kawar da kai gefe.

"Kurtu, da kai nake. Mutum ɗin nan a hagu ya kwanta, ba a dama ba."

Na ce, "Oga, ni ne." Ban ga ta inda ya sani ba.

Bai yi mini tsawa ba. Ya kira yayan mamacin kusa, ya ce, "Alhaji, zo ka gani. In zuciya ya tsaya, jini yana gangara ne ya taru a gefe da yake ƙasa, kamar ruwa a kwari. Wannan ja ɗin, shi ne." Ya danna wurin da babban yatsa, wurin ya yi fari, sannan jan ya dawo a hankali. "Duka ba ya yi haka." Sai ya nuna mana kafaɗar hagu, ga zanen saƙar tabarma nan raɗau a fata, layi-layi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Mutum ya mutu, bakinsa a rufe, amma ga jikinsa yana faɗin yadda ya kwanta.

Ya kama hannun mamacin ya daɗe yana duba farce, ya duba leɓɓa. Sun yi jajir, ba irin duhun da aka saba gani ba. Daga nan ya bi daɓen da ido har ya tsaya kan wani zagayen toka, siriri, kusa da tabarmar.

"Ina kasko?"

Kaskon da bai taɓa gani ba yake tambaya. Na je na ɗauko shi. Ya ce, "Taga fa?" Na nuna masa ƙyallayen.

Ya juya ga yayan ya ce, "Alhaji, ɗan'uwanka ya kwana a nan saboda ɗinkin Sallah. Sanyi ya dame shi, ya toshe ko'ina, ya hura gawayi. Gawayi a ɗaki rufe yana fitar da wani iska, ba shi da wari. Mutum zai yi barci ne kawai, ba zai tashi ba. Amma ba ni zan yanke ba, likita ne. Ka yi haƙuri ka ba ni zuwa azahar, in Allah ya yarda yau za ku binne shi."

Haka kuwa aka yi. Likita ya duba ya ce babu rauni ko ɗaya a jikinsa, gawayin ne. Nan da nan labari ya iso layin. Yayan mamacin da kansa ya buɗe shagon da aka kulle abokin aikin, ya riƙe hannunsa yana neman gafara.  Mutumin ya shiga shagonsu, ya zauna a gaban keken ɗinki da kumburarren leɓensa, shi ya ɗinka wa abokinsa likkafani yana hawaye.

A hanyar komawa sufeto ya ce mini, "Tausayi naka yana da kyau, yarona. Amma ka yi addu'a daga bakin ƙofa. Toka ɗin can ne ya ceci mutum yau."

Na daɗe a aikin nan, na ga gawarwaki da yawa, amma har yau in na tsaya a kan wata sai in ji wannan tsoron Allah da na ji a shagon telan. Allah ya bar wa mamaci hanyar ba da shaida, in dai mai rai zai yi haƙuri ya duba. Kuma akwai abin da ban taɓa faɗa wa sufeto ba har ya yi ritaya. Bayan na fitar da kaskon, na ga tokar nan a daɓe, ta yi mini ƙazanta kusa da gawa. Na duba bayan ƙofa, na duba ƙarƙashin tebur, ina neman tsintsiya in share ta. Ban samu ba ne kawai.