Alhaji Iliasu Sayibu, Ladanin da Ya Sayi Kunnen Alade

An haifi marigayi Alhaji Iliasu a Maamobi ta birnin Accra a shekarar 1959. Mahaifinsa Sayibu falken albasa ne daga Bawku, mahaifiyarsa Fulera kuwa mai sayar da zuma ce.

Karatu da Aure

Ya sauke Alƙur'ani a 1972, sannan ya karanci ilimin harhaɗa magunguna a jami'a, ya kammala a 1985. A 1988 ya auri Mulikatu, kuma a shekarar ce jama'ar wani ƙaramin masallaci a unguwar Nima suka naɗa shi ladani saboda zaƙin muryarsa, muƙamin da ya fi ƙauna a kan duk wata shahadar karatu da ya mallaka.

Bincikensa

Daga 2004 ya duƙufa kan danƙon da ƙudan zuma ke liƙe ƙofar amya da shi, wanda ke ɗauke da sinadarai masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Ya haɗa shi da man kaɗanya domin mata 'yan dako na kasuwar Agbogbloshie, waɗanda rana da kaya suka ci musu fata. Sai dai mutum ne mai taurin kai, ya ƙi raba maganin sai ya tabbatar ko sinadaran suna ratsa fata ko kuwa a sama suke tsayawa. Masana kan yi wannan awo ne da fatar kunnen alade, don ita ta fi kama da ta ɗan Adam, shi kuwa maimakon ya aika wani, da ƙafarsa ya je kasuwa.

Jarrabawa

A 2009 wata maƙwabciya ta gan shi yana sayen kunnen aladen, kuma kafin la'asar zance ya zama wai kitsen alade yake zubawa a maganin. A gaban dattawan masallaci ya ce: "Wallahi ban ci ba, ban sa a magani ba, awo kawai na yi." Duk da haka suka karɓe lasifikar kiran sallah daga hannunsa. Awon ya nuna masa cewa wani kaso na sinadaran yana shiga fata, amma matan da ya haɗa maganin dominsu sun watse. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, duk da haka bai sauya masallaci ba, yana sallah a sahun baya.

Ƙarshen Rayuwa

A 2020 wani sabon limami ya binciki lamarin, ya wanke shi a huɗuba, aka kai masa lasifikar har gida. Sun tarar shanyewar ɓarin jiki ta riga ta ɗauke masa magana. Ya riƙe ta, ya yi kuka, ya mayar.

Ya rasu ranar Laraba cikin watan Sha'aban na 2021, aka yi masa sallah a ƙofar masallacin, aka binne shi a maƙabartar unguwar Madina ta Accra. Ya bar matarsa Mulikatu da 'ya'ya huɗu: Najat, Basit, Zalia da Wahab. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe wa waɗanda suka makara.