Rumbun da Ya Yi Faransanci

Ranar da aka rufe lakwal ta Filinge, wato makarantarmu ta boko, uwata ta yi guɗa har maƙwabta suka ɗauka haihuwa aka yi. Yaƙi ne ya tashi can ƙasar Nasara, inda ba wanda ya san hanyarta a duk ƙasarmu ta Kurfai. Alli ya fara yankewa, sannan takarda, daga baya aka kira mushe, wato malaminmu, aka sa masa kakin soja ya tafi. Aka ce kowane yaro ya koma gidan ubansa.

Ni ma na yi tsalle tare da sauran yara, amma ta ciki na ciki. Ina kuka gardi, wato dogarin Nasara, ya ja ni zuwa lakwal ɗin nan tun farko, sai ga shi ta shiga raina. Mun koyi ƙirga da Faransanci, mun soma haɗa baƙaƙe, ana cikin daɗi aka katse mu.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Ina kiwon awaki ina ƙirga su da harshen mushe don kada ya gudu daga bakina. Awakin ba su taɓa yi mini gyara ba, saboda haka na ɗauki kaina gwani.

Wata ranar kasuwa labari ya zo cewa yaƙi ya ƙare, an aiko sabon mushe, gardi kuma yana bin gida-gida yana tattara tsofaffin ƴan lakwal. Uwata ba ta tsaya shawara ba. Ta cicciɓe ni ta jefa cikin rumbu, ta ja dammunan hatsi ta rufe ni.

"In ka yi ko tari, ni da kai na," in ji ta. "Mushenku da yat tahi, ya dawo? Haka za su ɗauke min kai."

Ina kwance ƙaiƙayi na cina, na ji sallamar gardi.

"Ina yaron gidanga?"

"Ya tahi Bankuku wajen kakanninai," in ji uwata.

Na ji takunsa ya nufi ƙofa. Na san in ya fita, ni da lakwal sai a mafarki. Ina son uwata, Allah ya sani, amma na buɗe baki iya ƙarfina: "An! De! Turwa!"

Takun ya tsaya cak a bakin ƙofa. Can gardi ya fashe da dariya har da tari.

"Inna, rumbunki ya yi karatu! Shi ma sai mu tahi da shi."

Da aka zaro ni, fari fat da ƙura, uwata ta dube ni, ta ɗaga hannu, na runtse ido. Sai na ji tana kakkaɓe mini kai.

"Kai kaz zaɓa," ta ce. "Amma ni ka kai ka, ba shi ba."

Ita ta kai ni kuwa. Kuma kullum tana zuwa da kaɗinta ta zauna gindin gawon da ke bakin aji, ido a kan hanya, ko wani zai zo da kakin soja daidai jikina. Ba wanda ya zo.

Wata yamma ina shigowa gida na iske ta bakin garke, ta ba ni baya, tana nuna awaki da yatsa a hankali: "An, de, turwa." Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"To, malam, mi ka biye?"