Yadda Na Koya wa Baba Gaisuwa

Ranar wata kasuwar Birnin Gwari, a daminar da na shiga aji uku, na dawo daga makaranta na tarar Mama ta ɗaure tukwanenmu cikin zani. Ta ce in wata ya mutu Baba bai samu aiki ba, Binuwai za mu koma. Baba kuwa magini ne na gaske, amma Hausarsa ba ta wuce kalmar "aiki" ba. Haka zai tsaya kan mutane da cokalin gininsa, ba sallama ba komai, ya ce "aiki", su dube shi su ci gaba da hirarsu.

Inna Hajara, tsohuwar da muke haya a gidanta, ita ta faɗa mini gaskiya muna ɓarar gyaɗa. "'Yar nan, ubanki ba ya gaisuwa. Wa zai ba shi ginin ɗakinsa?" Wallahi na ji haushi, amma na riƙe maganar. Ni dai tuni Hausa ta zauna a bakina, wajen 'yar gala-gala da layin rijiya da rigimar tsintar kaɗanya a bakin daji. Sai na riƙa zaunar da Baba a tabarma da yamma, na zama maigida, shi baƙo: ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa. In ya yi gaggawar ambaton aiki, na ce a sake daga farko. Mama na dariya har da hawaye. Kafin watan ya mutu ya hau babur zuwa Randagi, ya durƙusa ya gaida wani manomi yadda ya kamata, ya dawo da aikin ɗaki biyu. Mama ta kwance tukwanenta.

Yau ina Jamus da takardar aikin jinya, ina wanke-wanke a gidan abinci, don asibiti ba ya ɗaukar wanda Jamusancinsa bai nuna ba. Da wani asibiti ya kira ni ganawa, sai na fara tambayar matar da ke tantance ni gajiya da iyali cikin guntun Jamusancina. Ta dubi agogonta. Ban samu aikin ba, kuma abin ya yi mini ciwo.

Na kira Baba. Sai da ya gama gaishe ni tsaf, har da yaya sanyi, sannan ya ce, "Nemi wanda zai zaunar da ke a tabarma." Shi ya yi sa'a, malamarsa a gidansa take kwana.