Ƙwallon Dabino Ɗaya Ya Rage wa Modu

Yau da safe wani direba ya kira ni: Modu ya rasu. Tirelar shanun da yake tuƙawa ta kife jiya da yamma a hanyar Bauchi. Sai da aka yanke ƙarfen gaban motar kafin a ciro shi. Shanun da suka kakkarye, nan bakin titi aka yanka su, jini yana gangarawa cikin kwalbati.



Ga wanda bai san shi ba, Modu ne mai jan ragamar gem ɗinmu, wasan labari da muke yi ranar Juma'a a zaurensu da ke unguwar Dogo Tebo. Shi ke ba da labarin, kowannenmu da jaruminsa a takarda, dayis ɗin ludo ke yanke hukunci.

Shi ya ƙirƙiro dokar gajiya. Kowa zai karɓi ƙwallon dabino biyar. Faɗa ɗaya, ka miƙa ƙwallo ɗaya. Tafiyar yini, haka. In suka rage biyu, a zabge maka maki daga abin da dayis ya nuna. Ba sa dawowa sai jaruminka ya yi barci.

Na tsani dokar nan, ban ɓoye ba. Wata rana jarumina ya sare 'yan fashi huɗu, saura ƙwallo ɗaya a gabana. Modu ya ce in ja da baya, na ƙi. Na biyar ya soka wa jarumin nawa mashi a maƙogwaro. Don haushi na jefi Modu da dayis, leɓensa ya fashe. Ya goge jinin da hannun riga ya ce, "Sani, ba mashi ya kashe shi ba. Kai ka hana shi barci."

Juma'ar da ta biyo, da kansa ya zana mini sabon jarumi, har da rawani.

Jiya muka haɗu a kara, kasuwar shanu. Dawowarsa ke nan daga Legas, idanunsa jajir. Ni dillali ne, an gama lodin shanu, direban da na yi magana da shi bai zo ba. Na matsa wa Modu. Ya yi murmushi ya ce, "Ƙwallo ɗaya ya rage mini fa."

Na yi dariya na ce masa nan ba zaure ba ne, ya tashi mota. Ya tashi.

Wanda ya kira ni ya ce babu ko alamar birki a kan kwaltar.

Na san ajali ne. Amma Modu ya gaya mini da bakinsa, da dokar da na fi kowa sani, na mayar da abin wasa. Wannan ciwon ban san inda zan ajiye shi ba.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi wa Modu addu'a, ni ma ya roƙa mini gafara. Allah Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba shi hutun da na hana shi.