Baba Fannami Ya Raba Fadamarsa da Ransa

A shekarar da jirgin ƙasa ya isa Nguru na fara sanin Baba Fannami na Guri. Tun a lokacin babu mai tuna ƙuruciyarsa, domin sa'o'insa duk sun kwanta dama.

Tsawon ran nan kuwa ya zame wa gidan nauyi. Babban ɗansa Haladu ya yi furfura, ya ga jikoki, amma ko taki ɗaya na fadama bai mallaka ba, don ba a rabo uba yana raye. Kowace shekara sai a nome ta kaf, ba hutu. Shinkafa na raguwa, bakuna na ƙaruwa. Samarin gidan suka fara ɗaure kaya, za su tasha dako.

Jikanyarsa Zainaba ce ta faɗa masa, cikin wasan jika da kaka.

"Angona, kai ba ka tafi ba, ba ka kuma saki fartanya ba. Gida zai watse kana zaune!"

Tsoho ya yi dariya har da tari. "Ja'ira! To, fartanyar zan saki. Tafiyar kam sai kin tsufa."

Bayan sallar Juma'a ya kira liman da dagaci, ya ba kowane ɗa rabonsa kyauta. Haladu ya durƙusa.

"Baba, za a ce mun ƙosa da kai."

"Su ce. Ni ma na ƙosa da ganin furfurarka a gonata."

Sharaɗi ɗaya ya kafa: kowace shekara a bar kashi guda ga ambaliya da shanu, ƙasa ta huta. Samari suka kwance kaya, babu wanda ya tafi. Mutanen gari suka ce ya kira ajalinsa, sai ga shi ya ƙara shekaru masu yawa, yana dogara sanda yana leƙa rumbunan da suka cika.

Giginyun kan tudu kaɗai ya riƙe. Ashe lokacin aurensa na fari, wani maƙwabci, Bunu, ya sare tasa giginyar guda tilo ya rufa wa Fannami ɗaki. Fannami ya binne ƙwallayenta a kan tudu, ya hana a tone su don muruci, har suka zama giginyun nan. Da Hamman, tattaɓa-kunnen Bunu, ya tayar da ɗakin amarya, sai ya tarar da azarar giginya jibge a ƙofarsa. Ya yi ta tambayar wanda ya kawo. Tsoho yana kan tabarma, yana jan carbi.