Kantun Gishirin Alhaji Bawa

Har gobe in na ga ruwa ya yi kore, ranar Alhamis ɗin da aka tura ni gidan Alhaji Bawa a Maigatari ce ke faɗo min a rai. Kun sha tambayata abin da ya raba ni da kamfani na dawo wannan rumfa ina gyaran injin ban-ruwa da sumo, injin nan da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse. Kun kuma sha tambayata me guntun gishirin nan yake yi a bakin ƙofa. Amsar guda ce, don haka ku ajiye sifana ku saurara.

A lokacin ni ne fomen a wani ɗan kamfanin haƙar rijiyar burtsatse da haɗa famfo a nan Gumel. Injiniya ne a sama, shi ke karɓo aiki. Fomen na binsa, shi ke zuwa ya duba matsala ya rubuta rahoto, sannan makanikai da leburori. Rahoton nan shi ake miƙa wa mai gida, a ciki ake faɗin abin da ya lalace da abin da ya jawo lalacewar, fomen ya sa hannu a ƙasa. Shekarata tara ina sa wannan hannu, ban taɓa sa shi a kan abin da idona bai gani ba.

Alhaji Bawa kuwa gishiri gadonsa ne. Kakansa a kan raƙuma yake kawo gishirin Balma, shi kuma da manyan motoci. Sitonsa cike yake da kantu, wato curin gishirin nan mai tsayi da makiyaya ke saya wa dabbobi su lasa. Da gwiwoyi suka matsa masa, likita ya ce ya riƙa tafiya a cikin ruwa kullum, sai ya sa muka gina masa kwamin wanka a bayan gida. Da Injiniya ya ce masa akwai irin da ake tsabtace ruwansa da gishiri, bai bari an ƙarasa bayani ba ya ce shi yake so.

Ga yadda abin yake aiki, don waɗanda ba su taɓa gani ba. Ana narkar da farin gishiri tatacce a ruwan, ɗan kaɗan, iya yadda harshe zai ji. Inji ya jawo ruwan ta cikin kwandon tare shara, farfela ta tura shi cikin wata babbar tukunya mai cike da yashi ta tace shi, daga nan ya bi ta wani bututu mai faranti-faranti na ƙarfe a ciki, muna ce masa sel. Wutar lantarki na ratsa farantan, ta mai da gishirin ya zama maganin da ke kashe gansakuka. In ruwa bai gudu sosai ba, sel ɗin da kansa yake ɗaukewa. Kuma duk sanda aka wanke tukunyar yashi ruwan gishiri ne ke zubewa, saboda haka lokaci-lokaci sai an ƙara gishiri. Buhunan farko mu muka kawo daga Kano. Wanda aka ɗora wa kula da wurin shi ne Baba Ila, wani dattijo daga wani ƙauye a Sule Tankarkar, wanda tun yana saurayi yake yi wa gidan ban-ruwan shuke-shuke. Ni na koya masa aikin, kuma ban taɓa samun kwandonsa da datti ba.

Ranar da nake faɗa muku, tsakiyar bazara ce. Injiniya ya kira ni ofis da safe ya ce, "Habu, Alhaji ya bugo waya. Ruwa ya yi kore, inji yana kuka, kwana goma bai shiga ba, gwiwa ta tashi. Ya ce sakacin tsohon nan ne, yau zai sallame shi. Je ka duba ka rubuto, ina nan tafe bayan azahar."

Na hau babur ɗin kamfani na kama hanya. Ranar kasuwa ce, sai da na yi ta kutsawa tsakanin motocin shanu kafin na isa. Da na leƙa kwamin, wallahi kamar an kaɗa miyar kuka. Matakala ta biyu ma ba a gani. Baba Ila na tsaye a gefe da buroshi a hannu, idanunsa sun yi ja, ƙafafunsa sun yi fari saboda tsayuwa a ruwa.

"Malam Habu, kullum sai na goge sau biyu," in ji shi. "In na goge da safe, kafin la'asar ta dawo."

Na ce, "Baba, zauna ka huta. Inji zai faɗa mana."

A wannan sana'a ba a fara da zargi, da kunne ake farawa. Na tada injin na saurara. Ba kukan boris ba ne, wato ƙwallayen ƙarfen da inji ke juyawa a kansu, gurnani ne irin na abin da ke turawa an toshe masa gaba, jikinsa kuma ya yi zafi. Na kashe, na buɗe kwando, tas yake. Na kwance murfin farfela, sai ga tsakuwa ƙanana da zaren kaba da wani gashi mai kauri sun naɗe ta. Na share na mayar. Na duba agogon da ke kan tukunyar yashi, allura ta haye can sama. Na buɗe tukunyar na zura hannu, yashin ya dunƙule da laka ya yi tauri kamar tubali. Na zaro sel, farantan sun yi farin ɓawo har ba a ganin ƙarfen. Na ɗebi ruwan a kwalbar gwaji na ɗiga magani. In ruwa na lafiya, launin lemo yake bayarwa. Wannan sai ya koma kamar zoɓo, alamar kanwa ta yi yawa, kuma a irin wannan ruwa ko sel na aiki maganinsa ba ya cin gansakuka.

Na tsaya ina tunanin inda laka da kanwa suka fito a kwamin da ruwan burtsatse kaɗai ke shigarsa. Ina cikin haka na ji ƙwas-ƙwas a bayan ɗakin inji. Na zagaya, sai ga ragon Alhaji ya tura kai cikin wani tsohon turmi yana lasa kamar ya samu gado. A gefe ga taɓarya, ga gutsattsarin kantu a kan tabarmar kaba.

Na ce, "Baba, me ake dakawa a nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Na Kanon ne ya ƙare. Na faɗa wa Alhaji, ya ce shi da sito uku na gishiri za a sayo masa na leda? Ya ce in daka wannan in zuba." Ya kama hannuna. "Ɗana, don girman Allah kar ka ce gishirinsa ne. Ka ce ni ne. Ni tsoho ne, in koma ƙauye."

"Ka koma ka yi me, Baba? Gona gare ka?"

Na san sarai ba shi da ita. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da shi ba, da yadda mutum zai yi shekara talatin yana bauta har ya saba da ɗaukar laifin da ba nasa ba.

Bayan azahar Injiniya ya iso. Na ja shi ɗakin inji na nuna masa komai, har da turmin. Ya gane, don ba jahili ba ne. Ya share gumi ya ce, "Habu, ka san rijiyoyi nawa Alhaji zai ba mu a gonarsa ta Gagarawa? Mutumin da ake yi wa kirari da gishiri za ka ce wa gishirinsa ya ɓata ruwa? Rubuta sakacin mai kula. Daga baya ma lallaɓa mu canza gishirin."

Na ce, "Yallaɓai, wannan shi ne a bar jaki a daki taiki. Kwandon tsohon nan ya fi na gidana tsabta."

"Ba shawararka na nema ba. Umarni na ba ka."

"To ga biro, ka rubuta ka sa hannunka. Nawa dai ba zai hau ba."

Kar ku ɗauka ban ji tsoro ba. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Amma kun san halina, in abu ya tsaya min a wuya ba ya wucewa da ruwa. Na zauna a kan bokiti na rubuta rahotona yadda na gani, har da yadda za a gyara: a zubar da ruwan duka, a goge bango, a canza yashi, a jiƙa sel a ruwan asid mai sauƙi har ɓawon ya saki, a cika da sabon ruwa, a zuba farin gishiri tatacce, inji ya yi ta gudu har ruwa ya washe. Na sa hannu.

Alhaji na zaune a rumfar da ke gefen kwamin, ya miƙe ƙafa a kan matashi, tare da baƙinsa 'yan kasuwa daga Damagaram. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina neman ganinsa a keɓe. Ya ce, "Faɗi a nan, ba baƙo a cikinsu. Tsohon nan ne ko?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba shi ba ne. A ba ni kwalba biyu, sai ido ya yi hukunci."

Aka kawo. Na cika su da ruwan famfo. A ɗaya na zuba ragowar farin gishirin da na kakkaɓo daga tsohon buhu, a ɗaya na zuba dakakken kantu daga turmi. Na girgiza su na ajiye a gabansa. Aka kira la'asar muka tafi masallaci. Da muka dawo, ta farko garau take. Ta biyu kuwa laka ta kwanta a gindinta kaurin yatsa, zaren kaba da gashin raƙumi na yawo a sama. Na ɗiga maganin gwaji a kowace, ta farko ta yi launin lemo, ta biyu ta yi zoɓo. Wani dattijo cikin baƙin ya ce a hankali, "To, gani ya kori ji."

Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce, "Kai ɗan gidan waye? Gishirin da ubana ya je Makka da shi, shi kake kira datti a gaban mutane?"

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, ban kira shi datti ba. Duk kasuwar nan babu kantun da ya kai naka, ragonka ma shaida ne. Amma na dabba ne. Saniya na son kanwa da ƙasar da ke ciki, inji ba ya so. Baba Ila abin da aka ce ya zuba shi ya zuba. In ka kore shi ka ɗauko wani, kwana goma ruwan zai koma haka, shi ma ka kore shi."

Injiniya ya fara, "Alhaji, a yi haƙuri, yaron nan..." Na katse Injiniya na ce masa shekarata arba'in da biyu, ni ba yaro ba ne. Na ajiye rahoton a kan tabarma na danne da kwalbar lakar.

Alhaji ya nuna ƙofa da sandarsa. "Fitar min daga gida. Kar in ƙara ganin ƙafarka."

A ƙofar gida Injiniya ya karɓi makullin babur, ya ce gobe kar in zo ofis. Na ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Na rungumi akwatin kayan aikina na taka har tasha, na shiga motar haya tsakanin buhunan gero da wata akuya. Har na iso Gumel ban san me zan ce wa matata ba, ban kuma san ko na ceci tsohon ko na ƙara masa ba.

Na kafa wannan rumfa da langa-langa huɗu. Makon farko injin ban-ruwa ɗaya tal na gyara. A mako na uku, wata Juma'a da hantsi, ɗan acaɓa ya tsaya a nan inda kuke zaune. Baba Ila ne a baya, ya rungume kantu guda cikakke naɗe da kaba.

Na ce, "Baba, an sallame ka ne?"

Ya yi dariya, ranar na fara ganin giɓinsa. "Ina nan daram. Takardarka aka bi, layi-layi, Injiniya da kansa ya tuɓe riga. Ruwa yanzu ko allura ka jefa za ka gani. Alhaji kullum yana ciki, jiya ma da ƙafa ya je masallaci."

"Da wane gishirin?"

Ya waiwaya kamar wani zai ji, ya rage murya. "Na Kanon. Amma sai an juye shi a buhun da ba rubutu kafin a shigo da shi gari." Ya sauke kantun a gabana. "Wannan Alhaji ya ce in kawo ma. Ya ce ka ba tumakinka, wai aikinsa ke nan."

Bai ce in dawo ba, bai ce na yi gaskiya ba, kuma har yau ban sake taka gidansa ba. Ban kuma nemi fiye da haka ba, don na san irin girman kan da ya haɗiye kafin ya aiko.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu inji ba ya ƙarya kuma ba ya sanin mai kuɗi. Mutane ne ke neman wanda ya fi kowa rauni a gida su jingina masa laifi, kuma da hannun fomen ake jinginawa. Wata rana ku ma za a miƙo muku biro. Ni ba ni da tumaki, shi ya sa na ajiye kantun a bakin ƙofa, awakin unguwa suka lashe shi har ya koma wannan guntun. Baba Ila kuwa a gidan ya ƙarasa kwanakinsa, a ɗakinsa na kusa da lambu, ba a ƙauyen da ba shi da gona ba.