Karne Bakwai, Babu Sunan Ciwona

Karnen likita bakwai nake da su, suna cikin tsohuwar kwallar kayan aurena, ɗaure da zare. Karne shi ne ɗan littafin nan da ake rubuta wa mutum ciwonsa da maganinsa duk ranar da ya je likita, wato asibiti. Wanda ya karanta nawa zai rantse duk Matameye babu macen da sauro ya tsana kamata. Zazzaɓi, ciwon jiki, gajiya, ciwon baya, zazzaɓi kuma. Shekara tara ke nan a rubuce. Abin da ke damuna kuwa ko sau ɗaya bai shiga ciki ba, kuma ba laifin alƙalami ba ne.

Nonona ne. Yau ina iya rubuta kalmar, amma da tsada na saye ta. Tun ina budurwa Allah ya ba ni fiye da rabona, duk haihuwa kuma sai su ƙaru, na yaye ba su koma ba. Bayan ta uku sai da suka sauko mini har cibiya. Igiyar rigar mama ta haƙa mini rami biyu a kafaɗu, yatsa na shiga. Da bazara ƙarƙashinsu ya kwaile, ya yi ruwa, ya yi wari, in barbaɗa garin bagaruwa in cusa tsumma in tafi lakwal, wato makaranta, haka nan, don ni malamar aji uku ce. In na ɗaga hannu zan yi rubutu a allo, kafin in kai ƙarshen layi yatsuna sun mutu, alli ya faɗi. Daka na bar shi tuni. Wanda ya fi ci mini rai shi ne salla. Ina da shekara talatin da shida na koma yin ta a zaune kamar kakata, don in na yi ruku'u sai na dafa bango nake miƙewa.

Mata kuwa a gidan biki ba su da abin faɗi sai, "Ke dai Allah ya yi miki arziki, wasu da kuɗinsu suke nema." In yi dariya tare da su, a raina ina cewa ku zo ku ɗauka kyauta, har tukuici zan ba ku.

Majon likitar unguwarmu, wato babban ma'aikacin jinya, kawun maigidana ne. Shi ya riƙe shi tun yana yaro, shi ya karɓa masa aurena, saboda haka surukina ne sosai, Baba nake ce masa. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Duk danginmu ba mai bin layi, kuma wanda ya tsallake Baba ya je wurin wani ma'aikaci ya yi masa raini, kafin la'asar maganar ta zagaya gidaje. Don haka wurinsa nake zuwa. In durƙusa tun daga bakin ƙofa, in gaishe shi idona a ƙasa, hijabi har gwiwa. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Me ke tafe da ke?" Ni kuma in ce, "Jikin ne dai, Baba. Baya da wuya." Ya ce, "Da zazzaɓi?" In ce, "Kaɗan-kaɗan." Ya rubuta, ya buga hatimi, ya miƙo mini ƙwayoyi. Wace 'yar mutunci ce za ta buɗe baki a gaban surukinta ta ambaci abin da ke cikin rigarta? Ni ba a haife ni a gidan da ake haka ba.

Abin da ƙwaya ta kasa sai in kai wa wanzami. Duk wata biyu uku yana zuwa gida ya kafa mini ƙaho a baya, uwar mijina na zaune kusa. Jini ya fita baƙi, in sami sauƙin kwana uku. Bayana yau tamkar allon da aka yi ta rubutu ana wankewa, tabo kan tabo.

Maigidana shekara da shekaru Kano yake zuwa cin rani yana tuƙa motar wani. Sai Allah ya kawo wani furoje, wato aikin wata ƙungiya, na gina rijiyoyin lambu a ƙauyukan Kurni da Dungu, suka ɗauke shi direba na shekara biyu. Tare da aikin aka ba shi kati na asirans, wato kamfanin da ke ɗaukar nauyin maganin ma'aikaci da iyalinsa. Ni malamar kwantiragi ce, ba ni da irin wannan gata. Katin ya fi shekara a aljihunsa ba mu san darajarsa ba, sai ranar da hannuna na dama ya mutu tun safe har azahar. Ya tsorata ya sa ni a taksi muka tafi Damagaram.

Likitar da muka samu mace ce, ba ta san kowa nawa ba. Ta rufe ƙofa ta ce in cire hijabi, in cire riga. Da ta ɗaga ta ga gyambon sai ta ce, "Subhanallahi! Baiwar Allah, da wannan kike yawo?" Na fashe da kuka kamar an yi mini mutuwa. Ta ce ana aikin rage su a Yamai, ba sabon abu ba ne, kuma asirans na biya in an tabbatar cuta ce, ba neman kwalliya ba. Ban taɓa sanin ana yi ba. A hanyar komawa har Matameye ina ta ƙiyasta kaina tsaye a sahu ranar Idi, ina ruku'u da kowa. Ta auna, ta ɗauki hotuna ba fuska, ta rubuta takarda, muka haɗa da karne bakwai ɗin nan muka miƙa wa kamfanin asirans.

Bayan sati uku aka kira mu ofishinsu na Damagaram. Likitan kamfanin wani siriri ne mai tabarau, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, bai wulaƙanta ni ba. Ya buɗe karne na farko yana lasar yatsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har na bakwai, sannan ya haɗa su ya daidaita bakinsu a kan tebur.

"Madam, kin sha zazzaɓi ƙwarai," ya ce. "Amma ina ciwon da kike nema a yi wa aiki? Ban gan shi ba."

Na ce, "Ga shi a jikina, Dokta."

"Na gani a hoto. Ni ban musa ba. Amma dokar kamfani sai an ga wata shida a jere a rubuce, cewa an san ciwon, an kira shi da sunansa, an gwada magani bai yi ba. Abin da ke nan, takarda ɗaya ce ta sati uku. Waɗanda ke sama za su ce jiya kika ga ana yi kika yi sha'awa."

Sha'awa! Jinina ya hau. Na ce shekara tara ina jinya, in yana son shaida in juya masa bayana ya ƙirga tabon ƙaho. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, har na kama bakin hijabi zan ɗaga, maigidana ya riƙe mini hannu. Likitan ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Madam. Wanzami ba shi da hatimi." Ya ce in koma likitar unguwarmu a fara rubutawa daga yanzu, in wata shida ya cika in dawo.

A tasha muka zauna kan benci muna jiran taksi ta cika. Mu biyun mun san lissafin. Wata biyar ya rage furoje ya tashi, ranar da ya tashi kuma kati ya mutu.

Sai da muka wuce rabin hanya ya matso ya ce a hankali, "Malama, Kawu zai iya maida kwanan wata baya. Wata ɗaya ne fa."

Na ce, "To ka je ka gaya masa."

Ya zaro ido. "Ni? In ce masa me? In ce masa mene ne na matata?"

Ka ji fa. Namiji mai gemu, ya tuƙa mota Kano cikin 'yan sanda da 'yan daba, amma kalma ɗaya ta gagare shi a gaban kawunsa. Ban ga laifinsa sosai ba, ni ma ta gagare ni shekara tara.

Washegari na tafi da kaina. Na durƙusa, na gaishe shi, ya tambayi yara. Da ya ce, "Me ke tafe da ke?" sai na ƙara sunkuyar da kai. Na kalli ƙafar tebur na ce, "Baba, nonona ne. Su ne ke kashe mini baya. Ƙarƙashinsu duk gyambo ne. Tun farko su ne."

Alƙalaminsa ya tsaya. Ina jin kukan jariri daga ɗakin awo. Can ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Na sani, 'yata. Shekara talatin ina wannan aiki, tafiyarki kaɗai ta gaya mini. Na yi ta jira ki faɗa. Ni ba zan iya fara miki ba."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Ashe shi yana jin kunyata, ni ina jin kunyarsa, ciwo kuma yana tsakiya yana cin namana ba ya jin kunyar kowa. Na haɗiye, na gaya masa zancen wata shida da wata biyar, na roƙe shi ya rubuta mini layi ɗaya da kwanan watan da ya wuce.

Ya girgiza kai. "Babban rajista na nan, kowane suna da lambarsa a jere, ba gurbin da zan cusa ki. Kuma baɗi zan ajiye aiki. Ban taɓa rubuta ƙarya a littafin mara lafiya ba."

Ban san lokacin da na ɗaga kai ba. Ranar na fara ganin ƙwayar idonsa tun da aka kawo ni gidansu. Na ce, "Baba, karne bakwai ka cika mini da zazzaɓin da ka san ba shi ba ne."

Bai tsawata mini ba. Ya cire hularsa ya mayar, ya jawo sabon karne ya rubuta gaskiya da kwanan watan ranar, ya buga hatimi. 

Wata biyar na yi ina zuwa, yana rubutawa da kyau, har ya ƙara da wasiƙa ta hannunsa yana shaida cewa ya san ciwon tun da daɗewa. Muka kai. Maigidana ya roƙi shugabansa, shugaban ya buga waya, aka ce za a duba. Na yi azumi, na yi sadaka, na kai wa malamai. Furoje ya tashi ranar da aka ce zai tashi, suka kwashe motocinsu. Amsa ta zo bayan kwana goma, layi biyu: sharaɗi bai cika ba, kati kuma ya daina aiki. Na zauna a gindin turmi da takardar a hannu, na kasa ko kuka. Da kaka ta wuce maigidana ya ɗaure jakarsa ya koma Kano.

Har yau a zaune nake salla. Wata na shida ma na je an rubuta, da na bakwai, ban fasa ba, ko da wani furoje zai ɓullo wata rana. Mutane na cewa in yi haƙuri. Ina yi, tunda ba a ba ni zaɓi ba, amma haƙurin nan ba ya rage nauyin ko na tsinke.

Watan jiya babbar 'yata, mai shekara goma sha biyar, ta dawo daga kwalej ta jefar da jaka ta kwanta rub da ciki a tabarma. Na daɗe ina lura da yadda take dunƙule kafaɗu, tana jan hijabi gaba, ina kawar da kai. Ta ce, "Inna, bayana ke ciwo." Ban bari ta cire takalmi ba. Na saya mata sabon karne a bakin ƙofar likita, na tura ta gaban kakanta. Ta durƙusa idonta a ƙasa, ya tsokane ta irin na kaka da jika, sannan ya ce, "Me ke tafe da ke?"

Ta ce, "Jikin ne dai. Baya da..."

Na dafa kafaɗarta, yatsana ya faɗa cikin ɗan ramin da igiya ta fara haƙawa. Na ce, "Ba baya ba. Ɗaga kanki ki faɗi sunansa, ya rubuta."